Sharuɗɗan Ƙarar Ɗan Kurkuku a kan Gwamnatin Tarayya ta Amurka Game da Alkawari

A shari'ar Amurka, asalin magana shi ne ba a kai gwamnati ƙara sai da yardarta. Majalisar Dokoki ce ke ba da wannan yarda, kuma a kan sha'anin alkawari dokar da ake dogara da ita, ita ce Dokar Tucker ta 1887. Ɗaurin da aka yi wa mutum bai rufe masa wannan ƙofa ba, amma fa an gindaya masa sharuɗɗa waɗanda ke kā da yawancin ƙararraki tun ba a kai ga sauraron hujja ba.

In abin da yake nema bai wuce dala 10,000 ba, yana iya zuwa kotun gunduma ta tarayya. In ya wuce, to, sai Kotun Da'awa ta Tarayya da ke Washington. Gwamnatin ita kanta ake ƙara a can, ba wani gandiroba ko shugaban gidan yari ba. Wa'adin kuwa shekara 6 ne daga ranar da hakkin ya tabbata, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wa'adin wannan kotu ba ya ɗaguwa, ko da gwamnati ba ta tā da maganarsa ba.

Sa'an nan ga kuɗin ƙara. Tun da aka yi dokar 1996 ta rage ƙararrakin fursunoni, talauci ba ya yafe wa ɗaurarre wannan kuɗi. Sai ya kawo lissafin ajiyarsa ta kurkuku na wata 6, a cire kashi 20 cikin 100 na matsakaicin abin da ke shiga ko wanda ke zaune, watau wanda ya fi yawa, saura kuma a riƙa cira wata-wata. Wanda aka kori ƙararsa sau 3 don shiririta ko rashin tushe ya rasa wannan sassauci, sai dai in yana cikin haɗarin mugun rauni na kusa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatar da alkawarin kansa. Lalle ne wanda ya ɗauke shi ya zama yana da ikon ɗaure gwamnati. Maganar bakin ƙaramin ma'aikaci ba ta wadatar ba. Fursunoni da yawa sukan kawo yarjejeniyar da suka yi da mai gabatar da ƙara, ta cewa su amsa laifi a sassauta musu, su ce an saɓa. A shari'ar Kania ta 1981, da ta Sanders ta 2001, alƙalai sun ce irin wannan yarjejeniya ba ta jawo diyya sai an rubuta ƙarara cewa gwamnati za ta biya kuɗi in ta saɓa. A ganina hukuncin da tsanani, gama da wuya mai gabatar da ƙara ya sa hannu a kan haka. Abin da ya rage wa ɗaurarre shi ne ya koma kotun da ta ɗaure shi, ya nemi a cika alkawarin, ko a bar shi ya janye amsarsa.