In Kwamfuta Ta Maƙale A Allon Sabuntawa

Sau da yawa akan kunna kwamfutar tebur a ofishin malamai ko ɗakin koyon kwamfuta, sai allonta ya tsaya cik a kan saƙon da ke cewa ana sabunta ta, kada a kashe. Wani lokaci takan mutu ta sake kunna kanta, ta dawo kan wannan saƙo. Nan take wasu kan fizge waya daga soket, alhali wannan gaggawa na iya hana ta tashi gaba ɗaya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai a cikinta.

Mece ce sabuntawa?

Kamfanin Microsoft ya shigo da Windows Update a shekarar 1998, kuma tun daga Oktoban 2003 yake fitar da gyare-gyaren tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. A lokacin sabuntawa, kwamfuta tana cire tsofaffin fayilolin da take aiki da su, tana maye gurbinsu da sababbi. Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai ta kammala kwafar bayanan gadonta. Haka kwamfuta take: idan aka katse ta a tsakiyar aikin, tsohon tsari ya tafi, sabon kuma bai kammala ba.

Abubuwan da suka fi jawo maƙalewar su ne ɗaukewar wutar lantarki, da cikar faifan ajiya, da fayil ɗin da ya sauko a gurgunce saboda katsewar intanet, da kuma wata na'ura da aka jona mata.

Matakan gyara

Da farko a dubi ƙaramar fitilar faifan ajiya da ke gaban akwatin kwamfutar. Muddin tana ƙiftawa, aiki na tafiya, sai a yi haƙuri, domin tsohuwar kwamfuta na iya cin sa'o'i biyu ko uku. Idan lokacin ya wuce babu motsi, sai a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a cire firinta da filash, sannan a sake kunnawa.

Idan saƙon ya dawo, a kashe ta da zarar tambarin Windows ya bayyana, sau biyu ko uku a jere. Daga nan za ta buɗe shafin gyara da kanta, inda akwai zaɓin cire sabuntawar ƙarshe. Har ila yau, akwai zaɓin Sef Mod, wato tayar da kwamfuta da muhimman sassanta kaɗai. A can ne ake kwashe takardu masu muhimmanci zuwa filash, a rage wa faifai kaya, a kuma share abin da ke cikin jakar SoftwareDistribution, domin a sauko da fayilolin daga farko.

Kada dai wahalar ta sa a toshe sabuntawa baki ɗaya. A watan Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris. Rigakafi ya fi magani. Abin da ya kamata makaranta ta yi shi ne ta tanadi na'urar ajiyar wuta, ta kuma riƙa sabuntawa bayan an tashi daga darasi.