Randa, ƙanƙara da tukunyar gas: yadda zafi ke sauya siffar abubuwa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, man shanu ba ya jiran wuta kafin ya narke. Mai ƙanƙara kuwa sauri yake yi da kurarsa, don ya san jarinsa na tsiyaya ta ƙasan buhu. Bazara kan nuna wa kowa abin da ake koyarwa a ajin kimiyya: abu ɗaya yana iya zama daskararre, ko mai ruwa-ruwa, ko iska, kuma zafi ne ke kai shi daga wannan siffa zuwa waccan.

Duk abin da ke da nauyi kuma yake cin wuri, daga dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi har iskar da muke shaƙa, tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. A dubi masallata ranar Juma'a a Masallacin Sarkin Musulmi Bello. Cikin sahu kafaɗa da kafaɗa suke, kowa a gurbinsa: haka ƙwayoyin daskararren abu suke. Bayan sallama, a bakin ƙofa ana gogar juna amma ana tafiya: wannan shi ne ruwa. Da an fita an watse cikin gari, kowa ya yi nisa da ɗan uwansa: iska ke nan. Ƙwayoyin ba su sauya ba, tazararsu da ƙarfin motsinsu ne suka sauya.

Kowane abu da iyakar da yake narkewa. Ƙanƙara a digiri 0, alminiyam ɗin da ake zuba tukwane da shi a 660, baƙin ƙarfe sai 1,538. Shi ya sa maƙerin Maƙera Asada ke zuga wuta har ƙarfe ya yi jajur ya yi laushi, sannan ya bi shi da masaba, maimakon ya zuba shi kamar ruwa.

Abin da ya fi amfanar mutanen ƙasar zafi shi ne, sauya siffa na cin zafi mai yawa. Kilo ɗaya na ƙanƙara sai ya haɗiye zafi kilojul 334 kafin ya narke, kuma daga zoɓon da aka jefa shi ciki yake zuƙo zafin. Mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi kuwa yana cin kimanin kilojul 2,260, kusan ninki bakwai. Nan sirrin randa yake. Yumɓu na da ƙananan kafofi, ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na kwashe shi, kuma duk ɗigon da ya tashi da zafin ruwan ciki yake tafiya. Gumi ma haka yake sanyaya jiki. Saboda haka randa ta fi sanyi da hunturu da bazara, sa'ad da iska ke bushe ƙayau. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, sai aikin ya ragu.

Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya faɗaɗa: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da ganye ba tare da lantarki ba. Aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Matsi ma na sauya siffa. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunyarsa, domin an matse shi. Girgiza ta, za ka ji yana motsi. Da an buɗe, matsin ya ragu, sai ya fito a iska. Zafi na kumbura shi, don haka ba a cika tukunyar maƙil, ana barin gurbin kusan kashi 20 cikin 100.

Wanda ya gane wannan ba zai bar tukunyar gas a rana ko cikin rufaffiyar mota ba. Zai ajiye randarsa a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a lungun ɗaki ba, kuma ba zai shafe bayanta da siminti ko fenti ba, don toshe kafofin nan toshe sanyin ne.