Kek ɗin da zai burge mutane ba tare da kin ƙone jarinki ba

Yau kicin za mu shiga. Kar wani ya ce meye haɗinmu da kek, domin 'yan uwanmu mata da yawa, har da maza, da gashin kek a gida suke biyan kuɗin makaranta. Kuma a tsadar ƙwai da fulawa ta yanzu, kek ɗaya ya lalace to ribar sati ta tafi.

Tambayar da ake yawan turo min ita ce, wane kek zan yi da zai burge mutane? Sai a hau TikTok a ga mai hawa uku da ruwan cakulan yana gangarowa, a ce shi ake so. 'Yar uwa, tsaya tukuna. Mai bidiyon nan tana da oban mai riƙe zafi daidai, da firjin da wuta ba ta ɗaukewa. Kwalliyar da kike gani yawanci bota ce da sukari, ita kuwa bota tana narkewa tun a zafin digiri 32 zuwa 35. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu zafi yana haura 40. Kafin mai adaidaita ya kai shi gidan biki, ya zama kunu.

Sai maganar awo. Duk bayanin da ya ce "kofi biyu na fulawa" ki yi hattara da shi. Kofi ɗaya zai iya ɗaukar giram 120, zai iya ɗaukar 150, ya danganta da yadda aka danna fulawar. Ki nemi wanda ya ba da awo da giram, ya faɗi girman gwangwani da zafin wuta da minti nawa. Ƙaramin sikeli na kicin ya fi miki kowane kwas amfani, wallahi.

Ni dai zaɓina shi ne kek ɗin abarba da ake kifewa. A Amurka ya yi tashe, a shekarun 1920, lokacin da abarbar gwangwani ta cika kasuwa, kuma irinsa tun asali a kasko ake gasawa a kan murhu. Kin ga ya dace da mai tukunya da yashi. Kwalliyarsa a jikinsa take, babu abin da zai narke a hanya.

Ga yadda yake. Ki ɗora ƙwai 3 a sikeli da ɓawonsu, za su ba ki wajen giram 170. Nauyin da suka bayar, shi za ki auna na fulawa, na bota, da na sukari. Tsohuwar dabarar Turawan Ingila ce, kuma amfaninta shi ne ko ƙwan ƙanana ne lissafi ba zai ɓaci ba. Ki ƙara bekin foda cokalin shayi ɗaya da rabi da ɗan gishiri a fulawar, ki tankaɗe.

A gwangwani mai faɗin inci 8, ki zuba narkakkiyar bota giram 50, ki barbaɗa sukari mai ruwan ƙasa giram 80. Idan babu, ki goga mazarƙwaila, ai ita ma daga rake take, ƙamshinta ma ya fi. Ki jera yankan abarba a kai, amma ki tsane ruwanta da tsumma mai tsafta tukuna, in ba haka ba ƙasan zai yi caɓi.

Inda mutane ke ganganci shi ne bugu. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi taushi, ko da muciya ce. Iskar da ke shiga a lokacin ita ce bekin foda zai hura a cikin wuta har kek ya tashi. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Da fulawa ta shiga kuwa, bugu ya ƙare, juyawa kawai a hankali har ta ɓace. Idan kika ci gaba da bugawa ƙullin zai yi danƙo, ki samu abu mai tauri kamar burodi.

A oban, digiri 180, minti 35 zuwa 45. A tukunya, ki bar yashin ya yi zafi minti 10, ki ɗora gwangwanin a kan ƙarfe ko duwatsu uku don kar ya taɓa yashin, wuta kaɗan, saboda zafin daga ƙasa yake zuwa kuma sukarin yana ƙasan. Kar a buɗe kafin minti 25, tsakiyar za ta faɗa. Ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu.

Ki ba shi minti 5 zuwa 10, ki zagaya gefen da wuƙa, ki rufe da faranti, ki kife lokaci ɗaya. In kika bari ya huce gaba ɗaya, sukarin zai kama gwangwani ya riƙe abarbar. Kuma tunda akwai ɗanyen 'ya'yan itace a kai, in babu firji a ci shi a ranar ko washegari, ki faɗa wa mai saye haka.

Wanda ya gwada da mazarƙwaila ya turo mana hoto. Sai mun haɗu a shiri na gaba.