Sukuwa da Caca a Jihar Kentucky

A ranar 7 ga Mayun 2022, wani jan doki mai suna Rich Strike ya shiga babbar sukuwar Amurka, Kentucky Derby, babu wanda ya sa shi a lissafi. Watanni takwas kafin nan dala 30,000 aka saye shi, abin da manyan masu dawakan ƙasar ba sa kira kuɗi. Gurbin shiga ma bai samu ba sai ana gobe sukuwa, da aka janye wani doki. Da aka saki dawakai ashirin ɗin, yana can baya. Mahayinsa, Sonny Leon ɗan ƙasar Venezuela, ya riƙa kutsawa da shi ta tsakanin dawakan da suka gaji, ya bi ta jikin shinge, ya sha gaban wani doki mai suna Epicenter ana dab da layin ƙarshe. Duk wanda ya zuba dala 2 a kansa ya karɓi dala 163 da santi 60. Wanda kuma ya jera dawakai huɗun farko daidai da yadda suka iso, dala ɗayarsa ta jawo masa fiye da dala 321,000.

Ba hukumar filin ce ta yanke wannan farashi ba, kuma ba daga aljihunta aka biya ba. Kuɗin waɗanda suka faɗi ne aka raba wa waɗanda suka ci. Wannan tsari na cacar haɗaka shi ne ginshiƙin dokar sukuwa a Kentucky, kuma wanda bai fahimce shi ba ba zai gane yadda jihar da har yau ba ta halatta gidajen caca irin na Las Vegas ba take da tagogin zuba kuɗi a kowane filin sukuwa.

Ga yadda abin yake. Duk kuɗin da aka zuba a kan dokin da zai zo na ɗaya asusu guda suke shiga. A ce asusun ya tara dala 100,000. Kafin a taɓa komai, filin zai cire la'adarsa, a ce kashi 17 cikin 100, saura dala 83,000. Idan dokin da jama'a suka yi wa rubdugu da dala 40,000 ne ya ci, mai tikitin dala 2 zai tashi da dala 4 da santi 15 kacal. Idan kuwa wanda aka raina ne, wanda dala 1,000 kawai ke kansa, tikitin dala 2 zai zama dala 166. Shi ya sa lambobin da ke kan babban allon filin ba sa zama wuri ɗaya: kowane sabon zubi yana motsa su, har zuwa lokacin da aka buɗe ƙofofin tashi. Mutum na iya zuba kuɗi yana ganin riba ninki biyar, kafin dawakai su kai kwanar farko ta koma ninki uku.

Akwai asusu dabam na mai cewa dokinsa ba zai wuce na biyu ba, da na mai cewa ba zai wuce na uku ba, sai kuma na masu jera biyu, uku ko huɗun farko. La'adar waɗannan na jere ta fi tsada, takan kai kashi 22. Tsarin ya yi kama da adashi ta fuskar tara kuɗi wuri guda, amma a adashi kowa na kwasar abin da ya zuba. A nan kuwa, in aka haɗa 'yan cacar gaba ɗaya, kullum da giɓi suke komawa gida, domin abin da ake rabawa bai taɓa kai abin da aka tara ba. Mai filin bai damu da dokin da ya ci ba. Rabonsa ya riga ya fita tun dawakai ba su motsa ba.

Wani ɗan kasuwa a birnin Faris, Joseph Oller, shi ya ƙirƙiro tsarin a shekarun 1860. Wanda ya kai shi Kentucky shi ne Meriwether Lewis Clark ƙarami, wanda ya zaga Ingila da Faransa ya ga sukuwarsu, ya dawo Louisville ya gina fili a gonar kawunansa, John da Henry Churchill. Daga sunansu aka samo Churchill Downs. An yi Derby ta farko ranar 17 ga Mayun 1875, Aristides ya ci. Mahayinsa Oliver Lewis baƙar fata ne, haka mai horar da shi, Ansel Williamson, wanda aka haifa cikin bauta. A cikin mahaya 15 na ranar, 13 baƙaƙe ne, kuma baƙaƙen mahaya ne suka ci 15 daga Derby 28 na farko. Isaac Murphy shi kaɗai ya ci uku. Da sana'ar ta fara kawo kuɗi, wariyar launin fata ta ture su gefe. Jimmy Winkfield, wanda ya ci a 1901 da 1902, Rasha ya koma neman abinci, kuma tun daga kansa babu baƙin mahayin da ya sake cin wannan sukuwa. Wannan ɓangare ne na tarihin da masu tallan bikin suka daɗe ba sa son tunawa, alhali da guminsu aka kafa shi.

Injinan cacar haɗaka da Clark ya kawo ba su samu karɓuwa ba da farko. Jama'a sun fi sabawa da dillalan caca, waɗanda ke yanke farashi da bakinsu su biya daga jakarsu, kuma saboda suna da abin asara, ana yawan zarginsu da sayen mahaya. A farkon ƙarni na ashirin guguwar yaƙi da caca ta taso a Amurka, jihohi suka yi ta rufe filaye. Na New York ma sun zauna a kulle a 1911 da 1912. Kentucky ta bi wata hanya. Ta kafa hukumar kula da sukuwa a 1906, sannan a 1908, da mahukuntan Louisville suka hana dillalai aiki, manajan Churchill Downs, Matt Winn, ya tono tsofaffin injinan haɗaka da aka jingine, ya kakkaɓe su, ya dogara da wata tsohuwar doka da ta keɓe su daga haramci. A 1911 ya rage mafi ƙarancin zubi daga dala 5 zuwa dala 2 don talaka ma ya shigo. A 1931 babbar kotun jihar ta yanke cewa irin wannan caca ba ta cikin cacar ƙuri'a da tsarin mulkin jihar na 1891 ya hana.

Dalilin wannan sassauci ba ɓoyayye ba ne: doki shi ne arzikin jihar. Ƙasar da ke kewaye da Lexington tana kan dutsen farar ƙasa, kuma makiyayan wurin sun yi imani cewa ciyawarta da ruwanta na ƙarfafa ƙashin dukushi. Fiye da kashi 40 cikin 100 na dawakan tsere da ake haifa a Amurka a Kentucky ake haifarsu. Dokar jinsin dawakan tsere ta hana yi wa goɗiya allurar maniyyi, dole ingarma ya hau ta da kansa, don haka duk mai son jinin wani shahararren ingarma sai ya kawo goɗiyarsa bargar da yake. Hawa ɗaya na ingarma Into Mischief ya kai dala 250,000. Kuma ko a wane wata aka haifi doki, ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, shi ya sa ake ƙoƙarin haihuwar ta faɗo a farkon shekara, kada dukushi ya je gasa da sa'o'in da suka girme shi da watanni.

Filayen sun raba shekara a tsakaninsu. Keeneland na Lexington, wanda aka buɗe a 1936, yana sukuwa a Afrilu da Oktoba, kuma ya riƙe al'ada har bai sa lasifikar mai sharhi ba sai 1997. Churchill Downs na da bazara da kaka. Turfway Park da ke Florence na ɗaukar hunturu, a kan dandamalin yashi da zare da roba da kaki wanda sanyi ba ya daskarar da shi. Ellis Park na Henderson yana tsallaken kogin Ohio amma a ƙasar Kentucky, kuma an san shi da waken suya da ake shukawa a tsakiyar da'irarsa. Kentucky Downs, kusa da iyakar Tennessee, ciyawa ce zalla mai hawa da gangara, kwanaki kaɗan yake buɗewa a ƙarshen damina. A Red Mile kuwa dawakai ba hawansu ake ba, ƙaramin keke suke ja.

Keeneland kasuwa ce kuma. A gwanjonta na 1983 Sheikh Mohammed bin Rashid na Dubai ya biya dala miliyan 10.2 a kan ɗan shekara ɗaya mai suna Snaafi Dancer, dokin da bai taɓa shiga sukuwa ba, bai kuma bar 'ya'yan kirki ba. Hakan bai kori Sheikh ɗin ba: yana da gona a Lexington, kuma dokin bargarsa ta Godolphin, Sovereignty, shi ya ci Derby ta 2025. Alaƙar Larabawa da wannan jinsi ta girmi Kentucky, domin ta wajen uba duk dawakan tsere na yau sun fito ne daga ingarmu uku da aka kai Ingila daga gabas, ɗaya daga cikinsu a Halab aka saye shi a 1704. Abin lura shi ne a Dubai da Riyad ana shirya sukuwa mai kyautar miliyoyin daloli babu tagar caca ko ɗaya a filin, domin masu mulki ne ke zuba kuɗin. A Kentucky babu wannan gata. La'adar ɗan caca ce ke biyan kyautar mai doki, daga nan mai horarwa da mahayi su sami kasonsu, har a gangaro kan 'yan barga, galibinsu baƙi daga Meziko da Guatemala, da ke tashi tun kafin asuba suna wanke dawakai da kwashe kashi.

Yawancin kuɗin yanzu ba a filin ake zuba su ba. Wata dokar tarayya ta 1978 ta ba da damar yin caca daga wata jiha a kan sukuwar wata, waya da intanet suka ƙarasa aikin. A Derby ta 2024, gudun da bai fi minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba, an zuba fiye da dala miliyan 200.

Babban sauyin ya zo ne a 2011, lokacin da Kentucky Downs ya kafa injinan da ake kira na tsohuwar sukuwa. A takarda, mai wasa yana zaɓen dawakai ne a wata sukuwa da aka yi shekarun baya, an ɓoye sunayensu da wuri da rana. A zahiri, mutum ne zaune gaban allo mai walƙiya da kiɗa, yana danna maɓalli kowane 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa bai ko kalli dokin ba. Wata ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin riƙau, Family Foundation, ta yi shekaru tana shari'a a kan cewa wannan gidan caca ne aka sa wa sirdi. A Satumbar 2020 kotun ƙolin jihar ta ba ta gaskiya a kan nau'in injin da aka kawo gabanta, ta ce ba cacar haɗaka ba ce tunda masu wasan ba a kan sukuwa ɗaya suke karawa da juna ba. Cikin wata biyar majalisar dokoki ta sake fassara dokar yadda za ta rufe injinan, Gwamna Andy Beshear ya sa hannu a Fabrairun 2021. Biliyoyin daloli ke ratsa su a shekara, harajin jiha a kansu kashi 1.5 ne na abin da aka zuba, kuma su suka sa kyautar sukuwar dawakan da ba su taɓa ci ba ta haura dala 100,000 a manyan filayen. Masu dawakai sun ji daɗi. Amma hujjar cewa wannan caca dabam ce saboda ana nazarin doki da mahayi da yanayin ƙasa, ba ta da sauran ƙarfi a ɗakin da babu doki. Kuɗin da ke raya ingarmu masu tsada na fitowa ne daga aljihun ma'aikata da 'yan fansho, kuma ɗan shekara 18 ya isa zuba kuɗi a kan doki a jihar. A 2023 aka ƙara halatta caca a kan ƙwallo da sauran wasanni, lasisin kuma filayen sukuwa aka damƙa wa.

Dokin ma yana biyan nasa kason. A 2008 goɗiya Eight Belles ta zo ta biyu a Derby, ta wuce layi kaɗan ƙafafunta na gaba biyu suka karye, aka kashe ta da allura a wurin. A bazarar 2023 dawakai 12 suka mutu a Churchill Downs cikin 'yan makonni, har aka kwashe ragowar sukuwar zuwa Ellis Park. Majalisar tarayya ta kafa hukumar tsaro da gwajin magunguna da dokar 2020, bayan shekaru kowace jiha na cin gashin kanta.

Gwajin magani na iya sauya sunan zakara, amma ba ya sauya biyan caca. Medina Spirit ya riga kowa isa a Derby ta 2021, alƙalan filin suka tabbatar da sakamako, aka biya masu tikitinsa nan take. Bayan mako guda aka ji cewa an sami maganin kumburi a jininsa, wanda doka ta hana a ranar sukuwa. Sai a Fabrairun 2022 aka ƙwace nasarar aka ba Mandaloun, kuɗin kyauta suka koma wa mai shi. Waɗanda suka zuba kuɗi cewa Mandaloun ne zai zo na ɗaya ba a biya su ko santi ba, domin a ƙa'idar cacar haɗaka, da zarar an tabbatar da sakamako an raba asusu, ba a sake buɗe shi.