Yadda Ake Yin Jirgin Ƙasa Na Kara A Tsakar Gida

Bayan an yanke hatsi, kara yakan cika gonakin Birnin Lalle. Lokacin nan ne yara suke ƙera motocin kara da na gwangwani. Suna yin kamiyo, suna yin babur, don su ne suke gani a hanyar Dakoro. Amma da wuya a ga yaron da ya ƙera jirgin ƙasa. Dalili kuwa, jirgi bai taɓa ratsa ƙasar Dakoro ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. A shekarar 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya. Tsawonsa kusan kilomita 284 ne. Saboda haka ya kamata yaran karkara su san jirgi tun kafin su gamu da shi. Hanya mai sauƙi ita ce su ƙera ƙarami da hannunsu.

Wannan aiki ba na yara kaɗai ba ne. A ƙasashen Turai har dattawa suna shimfiɗa ƙaramar diga a lambun gidansu. A Ingila akwai wani lambu mai suna Bekonscot, wanda aka buɗe a 1929, ƙananan jirage suna yawo cikinsa. A Jamus wani kamfani ya fara sayar da jiragen lambu masu suna LGB a 1968. Faɗin digarsu santimita 4 da rabi ne. Nasu na saye ne, da tsada. Na Birnin Lalle kuwa kara da gwangwani da ƙaya sun isa.

Awo shi ne farko

Faɗin sabuwar digar gaske mita 1 da santimita 43 da rabi ne. In aka raba shi gida 32, za a samu kusan santimita 4 da rabi. To, kome za a ƙera, sai a raba girmansa na gaske gida 32. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 60 zai koma santimita 5. Tarago mai tsawon mita 8 zai koma santimita 25. Marfin kwalbar lemo santimita 3 ne, ya yi daidai da ƙafar jirgi. Wanda ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ga wurin gwada shi.

Shimfiɗa diga

1. A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da turken awaki, don awaki suna cin kara.

2. A share wurin, a baje ƙasa ta yi daidai. Jirgi ba ya son tudu. Ƙafarsa ƙarfe ce, digar ma ƙarfe ce, in hawa ya yi yawa sai ta yi santsi. A kowace mita guda, kada hawan ya wuce santimita 2.

3. A tara ƙasa ta ɗan tashi kamar kunya, a daɓe ta, a zuba ƙananan tsakuwa bisa. Tsakuwa tana riƙe diga, tana barin ruwa ya wuce. Inda ruwa yake bi, a binne gwangwanin tumatir da aka fasa gindinsa, ya zama gada.

4. A yanka guntayen kara masu santimita 8, a jera su a gicciye.

5. A ɗora miƙaƙƙun sillayen kara guda biyu bisa, a kafe su da ƙayar aduwa. A yanka ɗan itace mai santimita 4 da rabi, a riƙa gwada tsakaninsu da shi. In wuri guda ya buɗe ko ya matse, jirgi zai faɗi.

6. Wurin kwana, a jiƙa kara ya yi laushi, a lanƙwasa shi sannu. Kwana mai tsanani tana kayar da jirgi.

Kan jirgi da taragu

Ana yin jikin da totuwar kara da ɓawonsa, ko da gwangwani. A huda marfin kwalba biyu, a soka waya tsakani. A gefen ciki na kowane marfi, a manna faifan tsohon takalmin roba wanda ya ɗan fi marfin faɗi. Wannan leɓe shi ne yake riƙe ƙafa bisa diga. Jirgin gaske ba shi da sitiyari, diga ce take juya shi.

A sa masa kamar ya sha aiki

Sabon jirgi mai ƙyalli, da ganinsa an san abin wasa ne. Gwanaye sukan tsufar da nasu da gangan. Amma ba a shafa dauɗa ko'ina. Kowace dauɗa da wurinta, da dalilinta. Wanda bai ga jirgi ba, ya duba tsohon kamiyo ranar kasuwa.

Hayaƙi sama yake tashi. Don haka baƙin tukunya bisa rufin kan jirgi ake sa shi, kusa da mafitar hayaƙi.

Ƙura daga ƙasa take tasowa. A shafa garin ƙasa a ƙafafu da gindin taragu.

Tsatsa tana kama inda ruwa yake kwana, wato kusurwa da kan ƙusa. A yi ta da jar ƙasa, a ja ta daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama yake gangarowa.

Rana tana cin fenti. Ɗan toka bisa rufin tarago yana nuna haka.

Gefen diga ja ne da tsatsa, amma samanta fes yake, don ƙafafu suna goge shi kullum.

A jiƙa ƙaro cikin ruwa, a dama kowane gari da shi don ya kama. A shafa da gashin kaza ko da asawaki. A sa kaɗan, a bari ya bushe, a duba, sannan a ƙara. In ya yi yawa, gyara da wuya.

Hattara

Bakin gwangwani yana yanka. Babba ya yanka shi, ya naɗe bakin. In yaro ya ji rauni, a wanke da sabulu, a kai shi gidan likita, saboda ciwon sandarewar jiki da ake kira tetanos. Gara tana cin kara: a barbaɗa toka, in damina ta faɗi kuma a kwashe digar a ajiye.

Abu mafi girma da yaro zai koya shi ne wannan: jirgi ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa nan take. Dogon jirgi mai kaya, in yana gudu, yakan yi kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya. Ba a zama bisa diga, ba a tsayar da amalanke bisanta. Makiyayi ya duba dama da hagu kafin ya ƙetarar da dabbobi.

Iyaye da malamai, kada a ɗauki wannan aiki ɓata lokaci. A ba yara kara da abin awo, a zauna tare da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.