Ɗan Wasa da Igiyar Al'ada: Daga Boudu Zuwa Ɗan Ibro

A shekarar 1932 Jean Renoir ya fito da fim ɗin ban dariya mai suna Boudu sauvé des eaux, watau Boudu wanda aka tsamo daga ruwa. Boudu ɗan gararamba ne da ya faɗa kogin Sen a Faris. Wani mai kantin littattafai, Lestingois, ya cece shi, ya kai shi gida don ya mai da shi mutumin kirki. Baƙon ya tofa yawu cikin littafi, ya goge takalminsa da shimfiɗar gado, ya birkita gidan kaf. Ranar aurensa kwalekwale ya kife, ruwa ya tafi da shi, ya koma yawonsa. A wasan kwaikwayon René Fauchois da aka ɗauko labarin, Boudu ladabtuwa ya yi. Renoir ne ya kwance masa dabaibayi.

Bahaushe bai rasa irin wannan taliki ba, sai dai ya sha bamban da Renoir wajen ajiye shi. Ɗan kama yakan kwaikwayi karatun malami ya mai da shi zancen tuwo, malamin na zaune yana murmushi. Masu tashe, daga birnin Kano har garuruwan kudu irin su Bebeji da Tudun Wada, sukan muzanta gwauro da marowaci daga goma ga azumi. Amma 'yancin nan na aro ne: al'ada ce ta bayar, ita ta yanka masa lokaci da fage. Ba ya neman rushe ta, gyara mata zama yake yi.

Da raha ta bar dandali ta shiga kaset, sai wannan kariya ta yi rauni, domin kaset ba shi da wata, ba shi da unguwa. Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan, wanda ya rasu a 2014, ya gāji halin ɗan kama sosai. A 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko da zargin rashin rajistar kamfani. Abin lura, shi kansa tsohon gandiroba ne.