Yaushe Jariri Ya Isa Shiga Kujerar Wasa?

A gidajen haya na unguwannin Nima da Maamobi a Akra, inda kurfoti ke ci a ƙofar ɗaki, uwa na bukatar wurin ajiye jariri don ta sami hannun yin aiki. Kin san dabarar iyayenmu: a kawo daro ko kwali, a cusa zannuwa ta kowane gefe, a zaunar da yaro a tsakiya. Kujerar wasa da ake sayarwa yanzu, sabuwa ko ta gwanjo daga kasuwar Kantamanto, aikin nan take yi. Faifai ne mai mazaunin ƙyalle a tsakiya inda yaro ke zura ƙafafu, an jera kayan wasa kewaye da shi, kuma ba ta da taya. Nan ta bambanta da woka mai taya, wadda ke garzayawa da yaro wurin wuta ko ruwan zafi kafin a ankara, har ƙasar Kanada ta haramta sayar da ita a 2004. Sai dai ita ma marar tayar ba kowane jariri ake sakawa ciki ba.

Mu fara daga wuya. Ƙarfin jariri daga sama yake sauka: wuya, kafaɗu, baya, ƙugu, sannan ƙafafu. Kansa kuwa babba ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa lokacin haihuwa. Yarinya mai talla ba a aza mata tire mai nauyi sai wuyanta ya yi ƙwari, shi kuma jariri da nasa kayan aka haife shi. In kin goya shi, zani da bayanki ne ke tallafe kan. A cikin kujera babu mai tallafe masa. Yawancin jarirai suna riƙe kai sosai wajen wata 4. Ki zaunar da shi a cinya, ki riƙe ƙirjinsa, wani ya kira shi daga gefe. Idan ya waiwaya kan bai langaɓe ba, wuya ya yi.

Sai baya. Ki zaunar da shi a tabarma ki riƙe ƙugunsa kawai. Ya miƙe zaune, ko ya lanƙwashe gaba? Idan sai kin cusa tsumma a kujerar kafin ya daidaita, to da sauran lokaci. A nan ne iyaye ke damuwa, don ɗan maƙwabciya ya zauna nasu bai zauna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi girman yara a ƙasashe da dama tsakanin 1997 da 2003, har da yaran Akra. Sakamakon da ta fitar a 2006 ya nuna cewa yara lafiyayyu na zama da kansu tun daga gab da wata 4 har zuwa wata 9. Tazarar nan tana da faɗi, shi ya sa a ganina duba jikin yaro ya fi ƙirga wata, ko da kwalin kujerar ya ce wata 4 zuwa 6. Bakwaini kuma daga ranar da ya kamata a haife shi ake fara masa lissafi.

Ƙafafu su ne na ƙarshe. Tafin ƙafarsa ya kwanta a ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa. In ƙafa na reto ko yana ɗage a kan yatsu, ki rage tsawon kujerar.

Ko ya cika waɗannan, minti 15 zuwa 20 sun isa a zama ɗaya, kina kusa. Kujerar ba ta koya tafiya. A tabarma yaro ke rub da ciki, ya yi birgima, ya yi rarrafe, a nan jikinsa ke ƙwari. Ki nisanta ta da kurfoti da wayar lantarki, don hannunsa na kaiwa inda ba ki zata ba. Ta gwanjo ce? Ki duba tsagewa da ƙananan abubuwan da za su ɓalle ya kai baki. Ranar da ya fara dafa abu yana miƙewa ko yana yunƙurin fita, aikinta ya ƙare. In kuma ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ki gaya wa nas ranar awo.